Abin Da 'Yar Garko Ta Haɗiye

Jama'a, ina roƙon arziki kafin na fara. Duk wadda za ta yi min faɗa a ƙasan wannan rubutun ta daure sai ta kai ƙarshe. Tun jiya nake ɗaukar waya ina ajiyewa, don ban san da wane baki zan gaya muku cewa kaza ce ta tona min asiri ba.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Ummukulsum, shekarata ashirin da uku, ina aiki a wani kemis da ke titin Gidan Zoo. Muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin gidan haya mai ɗaki shida, biyu namu. Babana Malam Inuwa direban adaidaita sahu ne. Inna kuwa tana gida, tana ɗan ƙulla gyaɗa da aya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka taso daga Garko.

Saurayina Saifullahi likitan dabbobi ne, wurin aikinsa na Unguwar Gano. A kemis muka haɗu, ya zo saya wa mahaifiyarsa maganin hawan jini. Ranar da ya fara cewa zai zo mu gaisa, ina gidan su ƙawata Sadiya a Tarauni, sai kawai na yi masa kwatancen inda nake. Ya zo ya ga na fito daga baƙin get, ga furanni, ga maigadi a kan benci yana sauraren rediyo. Ya ce, "Ma sha Allah, gidanku akwai shiru."

A nan ya kamata na gyara masa. Kalma huɗu ce kawai: ba gidanmu ba ne. Sai na ji bakina ya ce, "Uhm."

Wannan "uhm" ɗin wata biyar ina yi masa bauta. Duk Juma'a da Lahadi da la'asar sai na ce wa Inna zan je gidan su Sadiya, wanda ba ƙarya ba ne, na je can na sauya kaya. Abayata mai duwatsu da takalmina mai tsini ma a ɗakin Sadiya suke zama. Hajiyarta ta ɗauka ya san komai, ta ɗauka gidanmu ne ba wurin zama, shi ya sa ta bar mana baranda da fararen kujeru. Da ya tambaye ni sana'ar Baba, na ce harkar sufuri yake yi. Duk sanda ya ce yana so ya gaida Alhaji, sai na ce ya yi tafiya.

A gida kuma wuta ta fara ruruwa. Baba, da yake sunan mahaifiyarsa na ci, ba ya iya yi min faɗa, amma rannan yana wanke ƙafa ya ce, "Uwata, wannan mai kiran naki a waya ba shi da ƙafa ne?" Inna ta ƙara da cewa matan gida sun fara magana. Yarinya kullum waya a kunne, amma ba a taɓa jin wani ya yi sallama da ita a ƙofar gida ba. Suka ce ko wane ne ya zo a gan shi kafin azumi.

To, ana cikin haka 'Yar Garko ta kwanta.

'Yar Garko kaza ce wake-wake, mai gajerun ƙafafu da tsiwa. Tsatson kazar da kakata, mahaifiyar Inna, ta ƙulla mata a kwando ce ranar da za mu taso birni. Kakata ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Bara da annoba ta shigo unguwa ta share mana akurki tas, ita kaɗai ta tsira. Inna hira take yi da ita. In tana tsince shinkafa, 'Yar Garko na gefen tabarma tana jiran rabonta, Inna na ba ta labarin tsadar kayan miya.

Ranar Talata aka buɗe akurki ba ta fito ba. Da Inna ta fito da ita, sai ta ja jiki ta takure a gindin randa, gashi a tashe, fiffike a sake, zankonta ya koɗe. Lokaci-lokaci sai ta miƙa wuya ta murɗa shi kamar mai son haɗiye abin da ya ƙi wucewa. Aka watsa mata dawa, ta tsattsaga sau biyu ta bari.

Kun san gidan haya, kowa likita ne. Maman Safiya ta ɗakin kusa da rijiya ta ce ƙwai ne ya maƙale. Iya Rabi, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan, ta ce annobar bara ce ta dawo, a yanka kafin ta zama mushe. Aka jiƙa barkono a ruwa aka ɗura mata. Aka barbaɗe ta da toka ko ƙuma ce. Inna ta juyo gare ni ta ce ke da kike kemis fa? Na fasa kafso ɗaya a ruwan shanta, alhali na san ni kaina ban san abin da nake magani ba.

Laraba abin ya ƙaru. Ko tsayuwa sai ta jingina da randa. Baba ya tsuguna ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wa Inna a hankali, "Lami, a yanka ta, kada a yi asara biyu." Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta saki labule, ina jin tana fyace hanci.

Ni kuwa a cikin wayata akwai lambar likitan dabbobi, har da hoton zuciya a gefen sunan. Kwana biyu ina kallon mahaifiyata tana fama, na yi gum.

Sai da rana a kemis, da ciniki ya lafa, na kasa daurewa na tura masa saƙo.

"Dokta, tambaya gare ni. Wata kaza ce ba lafiya."

"Kaza kuma? Yaushe kuka fara kiwo?"

Na tsaya ina kallon tambayar. Wallahi da zan iya tsallake wannan wurin da na tsallake, amma na yi alkawari ba zan ɓoye muku komai ba. Ga abin da yatsuna suka rubuta:

"Ba tamu ba ce. Ta wata mata ce da ke yi mana aiki a gida."

Na tura. Na ga ya karanta. Amma ban goge ba.

Shi kuwa bawan Allah ya ɗauki abin da gaske. Ya jero min tambayoyi: akwai wasu kajin da suka kamu? Hancinta na yoyo? Idonta ya kumbura? Kashinta kore ne ko fari? Yaushe rabonta da ƙwai? Na amsa abin da na sani. Ya ce wannan bai yi kama da annoba ba. Ya ce a lalubi ƙasan cikinta tsakanin ƙafafu a ji ko akwai ƙwai, a buɗe bakinta a shinshina. Sannan ya ce akwai wata 'yar jaka a gindin wuyanta ta ɓangaren dama, inda abinci ke fara taruwa.

"A duba ta da sassafe kafin ta ci komai," ya rubuta. "Ya kamata a ji ta fayau. In an ji ta cike da tauri, to wani abu ne ya toshe hanya."

Da na koma gida kafin magariba na laluba cikinta, babu ƙwai. Maman Safiya ta taɓe baki ta ce ban iya lalube ba ne. Washegari Alhamis, gari na wayewa, Baba ya tura adaidaitarsa waje yana cewa in ya dawo azahar ba sauyi, zai yi abin da ya kamata. Na ɗauko 'Yar Garko, ba nauyi kamar an zare mata nama. Na sa yatsu a gindin wuyanta. Ga abu nan dunƙule, tauri kamar ƙwallon goruba. Bakinta kuma wani tsami yake yi.

Na gaya masa. Nan take ya amsa.

"Na yi zato. Tana kiwo wajen shara? Leda, zaren buhu, doguwar ciyawa, gashi?"

Gashi.

Sai da na zauna a bakin rijiya. Mako biyu kafin nan an yi dinar bikin wata 'yar uwar Sadiya, na je aka yi min kitso da atach, gashin kanti, dogo har gadon baya, baƙi mai ja-ja a ƙarshe. Inna ta tsani abin nan, ta sha cewa duk ranar da ta gan shi a kaina da almakashi za ta bi ni. Kwana biyar ina kwana da hula ina tashi da hula. Ranar da ta tafi gidan suna na zagaya bayan akurki da reza da madubi, na yanke shi guntu-guntu na tsefe, na tura tarkacen ƙarƙashin langa-langa da niyyar in share kafin ta dawo. Sai aka kira ni a waya. Shi ne ma ya kira. Na manta.

Ya sake rubutowa cewa da a ranar farko ne, ɗan mai da tausa za su iya sauke shi, amma kwana uku da wannan taurin sai dai a buɗe a cire.

"A ina matar take? Zan biya kafin na wuce aiki."

Na ɗaga kai. Inna na zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, kazar na cinyarta, tana tsoma yatsa a kofi tana ɗiga mata ruwa a baki, tana ce mata sannu. Ɗankwalinta ya zame, furfura ta fito, ba ta ma sani ba.

Na rubuta masa: Gyaɗi-Gyaɗi, layin mai markaɗe, gida na uku mai koren ƙofa. Na ƙara da cewa zai same ni a can. Ko a nan ban iya cewa gidanmu ba.

Na shiga ɗaki na buɗe akwati na rasa abin sawa, kayan kirkin duk suna Tarauni. Na ƙare a atamfar da nake wanki da ita da hijabin Islamiyyata mai ruwan ƙasa, wanda bakinsa ya fara zare. Ko hoda ban shafa ba. Me za ta rufe?

Motarsa ba ta iya shiga layinmu ba saboda kwata, a bakin titi ya ajiye ya tako da ƙafa, da kaftani ruwan toka da baƙar jaka a hannu. Ya gan ni a ƙofa, ya dubi hijabin, ya yi murmushi ya ce yau kuma ustaziya aka koma. Na leƙa na ce wa matan gida za a shigo. Ya bi ni ta ƙarƙashin igiyoyin shanya, ya tsallake bahon wanke-wanke, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna.

Inna ta gyara ɗankwali ta yi masa murmushi. Ni da Inna kamar an tsaga kara muke, har wushiryar. Na ga idonsa ya bar fuskarta ya zo tawa, ya koma tata.

"Likita, Allah ya yi maka albarka," in ji Inna. "'Yar nan ce ta ce ta san mai duba dabbobi. Kwana biyu tana kallona ina fama, sai yau ta tuna."

Iya Rabi ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Ke Ummu, kin bar baƙo a tsugune. Shiga ɗakin uwarki ki ɗauko masa kujera mana."

Shi ke nan. Na tsaya ina jiran ya ce wani abu. Ya dubi zif ɗin jakarsa, sannan ya ce, "Mama, ke ce mai kazar?" Inna ta ce ita ce. Ya ce to a ba shi ruwan ɗumi da tsohon zani mai tsabta.

A kan turmi kife muka yi aikin, an ɗora tire. Ya naɗe 'Yar Garko da zanin, ya rufe mata ido, ya ce na riƙe. Ya fige 'yan gashin wurin, ya goge da magani, ya yi mata allurar kashe zafi. Hannunsa da nawa ba su fi faɗin yatsa biyu tsakani ba, amma ko sau ɗaya bai dube ni ba. Magana yake min irin wadda ake yi wa sabuwar ma'aikaciya: riƙe fiffiken, kar ki matse ƙirjin, matso da tiren. Matan gida suka zagaye mu, har da masu goyo.

Ya ɗan tsaga wurin, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Wari ya taso. Ya sa ɗan ƙarfensa mai kama da hantsaki ya fara ciro dawa da ta kumbura, sai ɓawon gyaɗa, sai ciyawa. Sannan ya kamo wani abu baƙi ya ja. Abin ya biyo. Ya ƙara ja, ya ƙara biyowa, yana sheƙi, ya cukurkuɗe da tsaba, ga ja-ja nan a ƙarshensa. Ya ajiye a tire ya sake kamo wani.

A wurin dinar nan mayafina ya ɗan zame, Saifullahi, da shi ma ya je, ya ga jelar kitson, ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya yi min baiwar gashi. Na yi murmushi na ce na gode. Yanzu ga baiwar nan a kan tire, cikin dawa mai tsami.

"Wannan ai atach ne," in ji Maman Safiya. Ta ce ita dai 'ya'yanta ƙanana ne. Wata ta ce ko iska ce ta kwaso daga shagon kitson bayan layi. Na ga Inna ta buɗe baki za ta yarda da zancen iskar.

"Nawa ne, Inna," na ce. "Ni na sa, ni na yanke, ni na tura bayan akurki."

Inna ta dubi kaina, ta dubi tiren. Ta ce, "To."

Da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

Saifullahi ya wanke wurin, ya ɗinke ciki, ya ɗinke fata. Ya ce yau ruwa kawai za a ba ta, gobe ɗan tuwo da aka dama ya yi laushi, ban da tsaba har mako guda, kuma a ajiye ta a kwali a ɗaki kada ta yi tono. Ya ba da magani ya nuna wa Inna yadda za ta auna. Inna ta kwance bakin zaninta, ya rantse ba zai karɓi komai ba. Sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙwai uku a ɗan kwano, na ƙarshe da 'Yar Garko ta saka kafin ta kwanta. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Raka shi," in ji Inna, ba ta dube ni ba.

Muka taka har wajen mai markaɗe. Injin na ta ƙara, yara na layi da bokitan tattasai. Da muka ɗan wuce na ce masa ya yi haƙuri. Ya tsaya, kwanon ƙwan na hannunsa.

"Gidan bai dame ni ba, Ummu. Mu bakwai aka haifa a ɗaki ɗaya a Ƙauyen Alu, da kin tambaye ni da na gaya miki. Gashin ma abin dariya ne." Ya dubi kwanon. "Amma matar da ta ba ni wannan, ita ce kika ce tana yi muku aiki?"

Ya jira ni, ya daɗe yana jira. Da ya ga ba abin da zai fito daga bakina, ya ce a kula da ɗinkin kada ya jiƙe, ya juya ya tafi.

Na dawo na tarar Inna ta shimfiɗa tsumma a kwalin taliya ta kwantar da kazar a gefen gadonta. Na tsaya a bakin ƙofa. Ba ta juyo ba ta ce, "Shi ne mai kiran?" Na ce shi ne. Ta tambaya wata nawa, na ce biyar. Ta tambaya a ina muke haɗuwa, na faɗa mata. Sai ta ɗaga kai ta bi ɗakin da kallo, silin ɗin da ruwa ya zana wa taswira, ledar ƙasa da ta tsage a bakin ƙofa, jeren kwanukanta na aure.

"Mu ne ba ki so ya gani," ta ce.

Ta ci gaba da gyara wa kazar tsumma. Har yau ba ta san abin da na rubuta a kanta ba, kuma ku ne na farko da na gaya wa bayan shi.

Baba ya dawo azahar ya ga ɗinki, ya yi ta mamaki wai har kaza ake yi wa tiyata a birni. Inna ta ce masa wani yaron kirki ne ya zo, ba ta ƙara komai ba. Yau Juma'a da hantsi 'Yar Garko ta miƙe a cikin kwalin, ta tsattsagi tuwon da aka dama mata, har ta kai wa yatsan Inna sara. Inna ta yi dariya, karo na farko a kwana huɗu. Ni dai ban shiga cikin dariyar ba, ban ga ina da hakki ba.

Daga wajen Saifullahi kuwa shiru, tun rabuwarmu a bakin layi. Sai bayan la'asar, ina kwashe shanya, wayata ta yi ƙara a aljihun siket. Saƙonsa ne.

"Akwai abin da ban gaya miki ba jiya, don ni ma yau na ji. Na taɓa yi wa Gwaggo Sa'adatu, ƙanwar babana, kwatancen gidan Tarauni. Ashe ranar Litinin ta je ba da sanina ba, wai ta ga yarinyar da idonta. Ta ce ta tambayi Ummu, an fito mata da ita, sun gaisa da Hajiya, kuma yarinyar ta kwanta mata ƙwarai. Yanzu ta kira ni, kawunnaina sun shirya zuwa gaisuwa can jibi Lahadi."

Kayan shanyar suka zube a ƙasa. Ranar Litinin ina kemis tun safe har magariba. Abin da bai sani ba shi ne, a gidansu ba mai kiran Sadiya da sunanta, sunan kakarta ta ci, Ummi suke ce mata.

Daga Litinin zuwa yau mun yi hira da Sadiya a waya ya fi sau goma. Ta turo min hoton leshi, ta tambaye ni jikin kaza, ba ta ce min an yi baƙuwa ba.

Na kira ta sau huɗu a jere. Ga ta nan a kan layi, ina gani. Ba ta ɗauka ba.